Ranar da Waya Ta Ƙi Yatsana

Na san maganar da kuke yi a kan shagon ƙofar gida. Kunnena ya yi nauyi, amma bai kai nauyin da kuke zato ba. Ranar Sallar da ta wuce ina kwance a ɗaki na ji ku a tsakar gida, ku da matanku, ana cewa da an tashi Yohanna an ba mai biyan haya da an huta. Na ji wadda ta ce tsufa ne ya sa Baba yake rabon dukiya kamar goron suna. Na gane muryar, ba zan faɗi suna ba, ta san kanta. Ban fito ba, domin da na fito da na faɗi abin da zai sa a watse ba a ci tuwon Sallah ba, kun san halina. Amma tun ranar na ƙudura cewa kafin ƙasa ta rufe idona zan rubuta muku yadda aka yi Yohanna ya shiga shagon nan, tunda na tabbata ana share makokina maganarsa za ku fara. Laifina ne da ban faɗa muku da wuri ba. A cikin labarin akwai abin kunyata, shi ya sa na yi ta jan ƙafa. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kun tashi kun gan ni ina fita da sassafe zuwa kamfanin jimar fata a Challawa, amma babu wanda ya taɓa shiga ya ga aikin a cikinku, ni na hana. Fiye da shekara talatin na yi ina tsoma hannu a ruwan da ake jiƙa fata don gashi ya zube. Ruwan nan cike yake da sinadarai masu cin nama. Ana ba mu safar hannu, amma kafin wata ya ƙare ta huje, kafin a ba da sabuwa kuma sai an yi ta kai-kawo a ofis, ga fata ba ta jira. Haka muke zura hannu mu ci gaba. A hankali ruwan ya cinye zanen yatsunmu. Duk wanda ya daɗe a sashenmu, in ya buɗe tafinsa za ka gan shi sumul, da tauri kamar ƙasan takalmi, babu 'yan layukan nan da Allah ya yi wa kowa. Mu ba mu ɗauke shi nakasa ba. Har tsokanar juna muke yi, mu ce ko sata muka yi ɗan sanda ba zai gano mu ba. A kasuwa ko a masallaci in na gaisa da mutum na ji irin wannan tafi, ba na tambayar sana'arsa, sai dai in tambaye shi wane kamfani.

Yohanna mutumin Filato ne, Kirista, ya zo Kano yana saurayi ya shiga sashenmu. Shekara goma sha bakwai ya yi a ƙarƙashina bayan na zama shugaban sashe. Ba shi da yawan magana. Ranar Juma'a shi yake tsare mana gangunan jima mu tafi masallaci, ranar Lahadi in aiki ya matse mu tsare masa. Da wutar lantarki ta lalace, man janareta ya yi tsada, kamfani ya ce zai rage ma'aikata. Manaja ya kira ni ya ce in kawo sunan mutum shida daga sashena. Biyar ba su ba ni wahala ba. Na shidan ne ya tsaya tsakanin Yohanna da ɗan yayan Innarku, wanda ni na samo masa aikin, kuma kowa ya san rago ne, rabin yini a bayan ganga yake barci. Na kwana biyu ina juya abin. Daga ƙarshe na tuna idon surukaina, na rubuta sunan Yohanna. Ranar da aka ba shi takardar sallama ya zo ya same ni. Na shirya jin baƙar magana, sai kawai ya ce:

"Oga Sabi'u, in na taɓa saɓa maka ka yafe mini."

Na ce babu komai, na kawar da kai. Ban ƙara ganinsa ba sai bayan shekara shida.

Shekarar da nake nufi kun san ta, ita ce wadda takardun kuɗi suka ɓace a gari, mutum da kuɗinsa a banki amma ba shi da na sayen barkono. Lokacin na riga na yi ritaya. Abba, kai da kake babba a cikinsu, kai ka saya mini babbar waya, ka sa mini banki a cikinta, ka ce daga yau an daina wahalar layi. Na ce maka ni lambobin sirri ba sa zama a kaina. Ka ce ai da sauƙi, yatsa kawai zan ɗora ta buɗe. Ka tuna faman da muka sha kafin ta karɓi babban yatsana? Sai da ka sa na shafa man kaɗe na goge, muka gwada ya fi sau goma. Da ta karɓa ka yi dariya ka ce Baba ya shigo zamani. Lambar sirrin ka rubuta mini a takarda, na ba Innarku ta adana a cikin kwanukanta. Ban ƙara bi ta kan lambar ba, ban ma ƙara buɗe bankin ba, domin duk sayayyar gida ku kuke yi mana.

Wata Laraba bayan Azahar ciwon asmar Innarku ya tashi. Kun san yadda yake yi mata, amma irin na ranar ban taɓa gani ba. Tana zaune a bakin gado ta dafa gwiwa, ƙirjinta yana fito, magana ta gagara. Ta ɗauki abin shaƙarta ta matsa, wayam, ashe ya ƙare. Duk kuna wurin aiki. Na kira ka, Abba, waya ba ta shiga. Asibiti ba zai yiwu a kan babur ba, mai adaidaita kuma ba ya motsawa sai ya ga kuɗi a hannu, ni kuwa ko sisi babu a aljihuna. Na bar ta da maƙwabciyarmu tana yi mata fifita, na hau tsohon babur ɗina. Kemis biyu na shiga a nan Panshekara, duk babu. Mai na biyun ya ce in wuce babban kantin magani da ke Sharada kusa da kamfanoni, can ba a rasawa. Yadda na kai Sharada ban faɗi ba Allah ne kaɗai ya sani, tsakanin tireloli nake kutsawa ina salati.

Akwai maganin. Yarinyar da ke karɓar kuɗi ta ɗauko ta sa a leda ta ajiye a kan kanta, tsakanina da shi bai fi kamu ɗaya ba. Na miƙa katin banki. Ta sa a inji, muka zuba masa ido yana juyi, yana juyi, can ya ƙi. Ta sake, ya sake ƙi.

"Baba, injin nan tun safe babu sabis. Sai dai ku yi taransifa."

Ta nuna mini lambar asusu a wata takarda da aka manna a jikin gilashi. Na fito da waya, na taɓa bankin, na ɗora yatsa. Ta ƙi. Na goge a riga na sake, ta ƙi. Na lashi yatsan, ni da girmana a gaban jama'a, na sake ɗorawa. A na biyar sai ta rubuto wai in sa lambar sirri, lambar da ke can Panshekara a cikin kwano, wadda ta san kwanon kuma ba ta da numfashin da za ta faɗa wa kowa. Lokacin tashin ma'aikatan safe ne, layi ya taru a bayana, kowa da wayarsa a hannu yana tsaki. Ga wata mata a kan benci da goyo, ta ce tun sha biyu aka cire mata kuɗi, amma an hana ta maganin ɗanta sai saƙon shigar kuɗin ya iso wayar manaja, abin da suke ce wa alat. Shi kuwa manajan ya fita da wayar a aljihunsa. Wani matashi a bayana ya ce, ba ma a hankali ba:

"Wayar ma ƙila ba tasa ba ce. In tasa ce me zai hana ta buɗe?"

Da wata rana ce, da yaron nan ya gane shayi ruwa ne. Ranar ban ko waiwaya ba. Na cire agogona na haɗa da wayar na tura gaban yarinyar.

"'Yata, matata ce take hannun Allah. Riƙe waɗannan, ba ni maganin. Kafin Magariba zan dawo."

"Wallahi Baba ba ni da iko. Watan jiya wani ya nuna mini saƙon ƙarya, a albashina aka cire. Manaja ya ce ko uwata ce kada kaya su fita sai ya ga alat da idonsa. Ku yi haƙuri ku ɗan matsa gefe."

Ta ja ledar ta mayar bayanta. Yanzu da nake rubutun nan ba na ganin laifinta, 'yar talaka ce tana tsare abincinta. Amma a lokacin idona ya rufe. Na daki kantar da hannu, na ce wane irin zamani ne wannan, mutum da guminsa sai ƙarfe ya ba shi izini, ya tsaya kamar maroƙi a kan abin da yake nasa. Na faɗi wasu maganganun da ba zan maimaita muku ba. Yarinyar ta tsorata ta ƙwala wa mai gadi kira. Sai na ji an riƙe mini wuyan hannu daga baya, riƙo mai ƙarfi. Na ce shi ke nan, yau za a fitar da ni kamar ɓarawo, kuma zan koma gida hannu wofi. Tun kafin in juya na ji irin tafin da ya riƙe ni, na san ɗan jima ne.

"Oga Sabi'u."

Yohanna ne, cikin kakin masu gadi, kansa ya yi furfura. Bai tambaye ni komai ba, ashe daga bakin ƙofa ya ji duka. Ya juyar da tafin hannuna sama, ya buɗe nasa kusa da shi, ya dubi matashin nan.

"Kai da ka ce wayar ba tasa ba ce, matso ka duba. Hannun nan ya fi shekara talatin a ruwan jima. Babu abin da waya za ta karanta a jikinsa. Ita ba ta san shi ba, ni na san shi."

Yohanna ya zaro ƙaramar wayarsa mai madanni, wadda aka ɗaure da roba, ya danna lambobi a hankali yana motsa baki, ya tura kuɗin daga nasa asusun. Saƙo ya zo masa cewa an cire, ya nuna wa yarinyar. Ta ce ta gani, amma doka sai manaja ya gani. Aka kira manaja, wayarsa ba ta shiga. Yohanna ya dube ni, ban san abin da ya gani a fuskata ba. Sai ya miƙa dogon hannunsa ta saman kanta, ya ɗauko ledar, ya danƙa mini. Ya ɗauko ta matar nan mai goyo ma ya ba ta. Yarinyar ta ce:

"Baba Yohanna, za su kore ka fa."

"In ya zo ki ce ni ne. Ni ne mai ƙofa, ni na buɗe. Kora kuwa ai ba yau aka fara ba."

Bai dube ni ba da ya faɗi haka, kuma har yau ban san ko da ni yake ba. Amma maganar ta shige ni, ina kan babur ina jin ta har Panshekara. Na tarar da Innarku an kwantar da ita a kan tabarma, leɓunanta sun sauya launi, maƙwabciyar tana kuka. Na sa mata a baki na matsa, na sake matsawa. Ina riƙe da kanta ina kallon ƙirjin yana sassautawa kaɗan-kaɗan, har ta ja numfashi ɗaya mai tsawo. Da kuka dawo da yamma kun tarar da ita zaune, kuka kai ta asibiti, likita ya ce da an ƙara jinkiri da labari ya sha bamban. Kun tambaye ni, na ce na samo magani a Sharada. Iyakar abin da na faɗa muku ke nan. Shekara huɗu Allah ya ƙara mata bayan wannan rana. A cikinsu ta aurar da Zainab, ta goya tagwayenta, ta yi ta faɗa da ni a kan shan shayi da sukari. Kowace safiya a cikin shekarun nan kyauta ce, kuma na san ta hannun wa ta zo.

Bayan kwana biyu na koma kantin don in mayar masa da kuɗinsa, na tarar da wani mai gadin daban. Yarinyar ce ta gaya mini, tana sunkuyar da kai. Alat ɗin ya shigo tun a ranar kafin a rufe kanti, kuɗi cif, amma manaja ya ce mai gadin da ya fitar da kaya da hannunsa ba shi da sauran amfani a ƙofa. Na sami manajan, na roƙe shi, da roƙo ya ƙi ci na wanke shi tas, duk a banza. Na fito na zauna a kan babur na rasa inda zan sa kaina. Sau biyu ke nan mutumin nan yana rasa abincinsa, kuma duka biyun ni ne sila. Mako uku na yi ina nemansa wurin tsofaffin abokan aiki, kafin wani ya ce yana ganinsa a bayan kamfanonin Bompai cikin masu jiran aikin lodi. Can na same shi da hantsi, zaune a kan bulo, dattijo a tsakiyar samari. Na ba shi kuɗinsa ya karɓa ya yi godiya, kamar shi aka yi wa alheri. Sai na kasa tashi. Na ce masa akwai maganar da ta daɗe tana cina, na gaya masa yadda aka yi na rubuta sunansa na bar ɗan surukaina.

"Na sani, Oga. Ai duk sashe sun sani."

"To me ya sa ka yi mini abin da ka yi?"

Ya yi ɗan murmushi yana kallon ƙasa.

"Ai ba Hajiya ce ta rubuta sunana ba. Kuma duk azumi in ta aiko muku da kunu kamfani, da kofina a ciki, ni da ba na azumi."

Na yi kuka a gaban 'yan lodi, ban ji kunya ba. Da na dawo gida na zayyana wa Innarku komai, har da batun ɗan yayanta, wanda ban taɓa gaya mata ba. Ta saurare ni har na gama. Can ta ce:

"Malam, da ka tambaye ni a lokacin, da ni zan ce ka kori yaron nan. Ka ci amanar bawan Allah da sunana ban sani ba. Shagon nan da ake ginawa a ƙofar gida, a ba Yohanna."

Na ce mata na riga na yi wa Abba alkawarinsa. Ta ce Abba yana da albashi, yana da ƙuruciya, kuma yana da uwa a raye saboda Yohanna.

Abba, na san ka riga ka sa ƙofar ƙarfe a shagon nan da kuɗinka, ka shirya za ka buɗe wurin cirar kuɗi. Ranar da na ce maka na fasa, ka tambaye ni dalili, na ce shagona ne, na ba wanda na ga dama. Maganar banza ce, na sani tun a lokacin. Ka kwashe iyalinka ka koma Hotoro, shekara guda ba ka taka gidan nan ba sai da Sallah, ka gaishe ni daga tsaye. Shekarar nan ta yi mini tsawo, duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofar gida sai na ɗaga kai. Abu uku ne suka rufe mini baki. Ban so ka ji haushin uwarka, gara ka ji nawa. Ban so ka san cewa yatsan da ka sa mini a waya don ka sauƙaƙa mini ya kusa zama ajalinta, domin na san ka, da ba ka yafe wa kanka ba. Na ukun shi ne na gaskiya: ban so 'ya'yana su san ubansu ya taɓa cin amanar na ƙasa da shi. Ka yafe mini, Abba. Ba ka yi laifin komai ba, kuma ƙofar da ka sa har yau tana nan ba ta yi tsatsa ba.

Kun ga yadda yake tafiyar da shagon. Sukari, sabulu, garin kwaki, ba wani abin a zo a gani ba. Kuna yi masa dariya wai bai iya kasuwanci ba, domin in mutum ya yi masa taransifa ba ya tsare shi, sai ya ce, "Je ka, zai shigo." Na taɓa yi masa magana a kai, ya ce shi ba zai tsayar da ɗan Adam a gabansa yana jiran waya ta shaide shi ba. Abin da ba ku sani ba shi ne, tun ranar da ya shiga shagon, a cikin durowarsa akwai abin shaƙa sabo na Innarku. In wa'adinsa ya kusa ƙarewa ya sayo wani da kuɗinsa. Sau biyu muka buƙace shi. Da ta rasu ya rufe shago kwana uku, ya zauna a gefen tabarmar ta'aziyya, kun gan shi. Bayan sadakar bakwai ya kawo mini na ƙarshen a cikin leda, ya ce in ba wani mai irin ciwon.

Na yi magana da liman, ya ce in ina so zan iya yin wasiyya a gaban shaidu Yohanna ya zauna a shagon iya rayuwarsa, shari'a ba ta hana ba. Na yi tunani na fasa. Ba na son ya zauna da ƙarfin takarda kuna wucewa kuna harararsa, ya sha irin wannan zaman a duniya ya ishe shi. Shagon naku ne bayan raina, na bar muku hukunci. Ni dai na gode wa Allah da ya haɗa ni da wanda ya fi ni, ya kuma ba ni tsawon ran da zan faɗa da bakina.

Abu ɗaya nake roƙonku. Duk wanda za ku tura ya ce masa ya tashi, kada ya aika saƙo ta waya. Ya je da ƙafarsa, ya yi sallama, ya miƙa masa hannu su gaisa, ya riƙe tafin nan da kyau. Hannun ubanku zai ji. In bayan nan bakinsa ya iya faɗa, to ya faɗa.